Abin da ya sa Amurka da Kanada suka sake zama kan yarjejeniyar Kogin Columbia

A ranar 16 ga Satumban 2024 wa'adin wani muhimmin sashe na yarjejeniyar Kogin Columbia ya cika. Shekara 60 Kanada ta yi tana tsare ruwa a madatsunta bisa tsarin da aka shata tun farko, don kada ambaliya ta ci garuruwan Amurka da ke ƙasan kogin. A rubuce, daga wannan rana sai Amurka ta fara amfani da nata madatsun, sannan ta roƙi maƙwabciyarta, ta kuma biya.

Kogin, mai tsawon kimanin kilomita 2,000, yana tasowa ne daga lardin British Columbia na Kanada, ya ratsa jihar Washington, ya faɗa tekun Fasifik. Ambaliyar 1948, wadda ta shafe garin Vanport na jihar Oregon, na cikin abubuwan da suka kai ƙasashen biyu teburin shawara. Shugaba Eisenhower da Firaminista Diefenbaker suka sa hannu a 1961, yarjejeniyar ta fara aiki a 1964.

Kanada ta gina madatsu uku, Duncan da Keenleyside da Mica. Amurka ta biya dala miliyan 64.4 kuɗin kariya daga ambaliya na shekara 60, ta kuma amince Kanada ta riƙa karɓar rabin ƙarin wutar lantarkin da daidaita kwararar ruwan ke samarwa a madatsun Amurka.

Wannan rabin ne ya daɗe yana ci wa kamfanonin lantarki na Amurka tuwo a ƙwarya, suna ganin abin da suke bayarwa ya zarce amfanin da suke samu. Sai dai lissafin nasu bai cika tunawa da mutum sama da 2,000 da aka tasa daga matsugunansu a ɓangaren Kanada ba, ko gonakin da ruwa ya shanye. Ƙabilun asali na yankin kuwa ba a ko tuntuɓe su ba, kuma ba a yi wa kifin salmon, wanda madatsar Grand Coulee ta riga ta tare wa hanya, wani tanadi ba.

An fara sabuwar tattaunawa a 2018, aka cimma matsayar farko a Yulin 2024. Kason lantarkin Kanada zai ragu zuwa rabi nan da 2033, ita kuma ta samu ƙarin 'yancin sarrafa ruwanta. Amurka za ta riƙa biyan dala miliyan 37.6 a shekara kan ajiyar da ba ta kai rabin ta da ba. An kuma tanadi hukumar da ƙabilun asali za su jagoranta don ba da shawara kan lafiyar kogin.

Ba a kai ga rattaba hannu ba kafin gwamnatin Trump ta dakatar da tattaunawar a farkon 2025, lokacin da rikicin harajin kaya ya ɓata tsakanin ƙasashen, aka ci gaba da sarrafa kogin da tsare-tsaren wucin gadi.