Sunan Yanka da Sunan Kasuwa

Duk wanda ya taso yana bin layin silima don kallon fim ɗin Indiya ya san Dilip Kumar. To amma ranar sunansa a Peshawar, cikin 1922, Muhammad Yusuf Khan aka raɗa masa. Devika Rani, shugabar kamfanin Bombay Talkies, ita ta laƙaba masa sabon suna kafin fim ɗinsa na farko, Jwar Bhata, ya fito a 1944. Shi ma abin ya yi masa daidai, don mahaifinsa, wanda ke fataucin kayan marmari, bai ɗauki fim a matsayin sana'ar ɗan gidan mutunci ba. Madhubala da suka fito tare a Mughal-e-Azam ma Mumtaz ce a gidansu, Meena Kumari kuwa Mahjabeen.

Sauya suna mai sauƙi ne, tawada ce da takarda. Inda ake jin jiki shi ne sauya kama.

Dubi Rita Hayworth a Amurka. Margarita Carmen Cansino sunanta, 'yar wani mai sana'ar rawa daga Sifaniya, mai baƙin gashi da ya sauko mata har goshi. Da wannan kama, ba a ba ta komai sai matsayin baƙuwar 'yar rawa, ta ɗan gifta ta wuce. Da ta koma kamfanin Columbia a 1937, aka ce sunan ya cika ƙamshin Sifaniya, sai aka ɗauko Hayworth, sunan gidan mahaifiyarta. Daga nan aka koma kan goshin. Siririyar allura mai lantarki ake sokawa a saiwar gashi, a ƙona ta don kada ta sake tsirowa, sili ɗaya bayan ɗaya, wata da watanni, har goshin ya buɗe. Ragowar gashin aka rina shi ja. Ai ba kwalliya ba ce wannan, goge asalin mutum ne don kasuwa ta karɓe shi.

Haka Norma Jeane ta zama Marilyn Monroe a 1946, Issur Danielovitch ya zama Kirk Douglas.

A Kannywood abin ya sha bamban. Galibi masu kallo ne ke raɗa suna, kuma ba ya ɓoye asali: Rabilu Musa ya zama Ibro har ya koma ga Mahaliccinsa a 2014, Hadiza Aliyu kuwa sunan ƙasar haihuwarta, Gabon, ya bi ta. Sai dai man bilicin da wasu 'yan mata ke shafawa don a ɗauke su fim, a ganina ƙanen allurar nan ne.

A Indiya zamani ya juya, su Shah Rukh, Salman da Aamir da sunan Khan ɗinsu suka ci kasuwa. A Amurka kuwa, ɗan fim Martin Sheen ya sha faɗin nadamarsa kan ajiye sunan ubansa, har yau Ramón Estévez ne a fasfonsa.