Dutsen da Muke Farfasawa a Dutse

Wanda ya shiga garin Dutse bai buƙatar a faɗa masa inda sunan ya samo asali. Duwatsu ne suka yi wa tsohuwar unguwar Garu zobe. Masana ilmin ƙasa sun ce sun haura shekara miliyan 200, kuma suna cikin jerin tsofaffin duwatsun aman wuta da suka miƙo daga Ayar ta Nijar har Filato. Wutar ta daɗe da mutuwa.

Dutsen aman wuta ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda narkakken dutse ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa, ya zama mai tauri da nauyi, mita ɗaya ta kowace fuska tana kai kusan tan 2.7. Irinsa ake kira giranit, kuma shi muka fi sani a nan. Akwai kuma wanda tokar aman wuta ce ta taru ta daskare, ana ce masa tuf. Cike yake da ƙananan kofofi, shi ya sa ba shi da nauyi sosai, zarto yana yanka shi, kuma zafi ba ya saurin ratsa bangonsa. Aibinsa shan ruwa.

Da tuf mai ruwan hoda aka gina tsakiyar Yereban, babban birnin Armeniya, bisa tsarin da Alexander Tamanian ya zana a 1924. Launin daga sinadarin ƙarfen da ke cikin dutsen yake fitowa, ba fenti ba ne.

Namu ba zai yi wannan aikin ba. Giranit yana kwasar zafin rana ya riƙa sakinsa da dare, don haka bangon ɗakin kwana da shi a watan Afrilu azaba ce. Amma a harsashin gini, daɓe, matakala da magudanar ruwa, babu bulon siminti da zai kama ƙafarsa. Damina ba ta cinye shi, gara ba ta da hanya.

Abin takaicin shi ne, tun da Dutse ta zama hedikwatar Jigawa a 1991 gine-gine suke ƙaruwa, amma yawancin dutsen tsakuwa ake mayar da shi, a zuba a kankare. Ya kamata makarantun koyon sana'a na jihar su koya wa matasa yankan dutse da goge shi. Mai gini kuma, kafin ka sayi tayil ɗin waje, fara tambayar magininka abin da dutsen gida zai iya yi maka.