Jariran da dokar kulle ta ɓoye

Daga 23 ga Maris zuwa 23 ga Afrilu 2020, watan farko na dokar kulle ta annobar korona a Ingila, asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan ya karɓi jarirai 10 da likitoci suka yi zargin da gangan aka ji musu rauni a ka. A shekaru uku kafin nan, a daidai wannan lokaci, da ƙyar ake samun ko da ɗaya. Ƙaramin cikinsu kwana 17 ke nan da haihuwarsa.

Irin wannan rauni galibi girgiza ce ke jawo shi. Kan jariri ya fi ƙarfin wuyansa, saboda haka idan babba ya riƙe shi ya girgiza da ƙarfi, ƙwaƙwalwa na bugun ƙoƙon kai, ƙananan jijiyoyin jini su tsinke. Sau da yawa babu ko ƙwarzane a fata. Sai a kawo yaro a ce ya ƙi nono, yana ta amai, ko ya sanƙare. Hoton kai ne ke tona asiri, ya nuna jini ya taru a kan ƙwaƙwalwa, likitan ido kuma ya haska ya ga jini a can cikin idon. Abin da ya fi tunzura mai girgizar shi ne kuka, wanda kan kai ƙololuwa wajen mako shida zuwa takwas da haihuwa. Duk wanda ya san gidan jego, inda jariri ke yawo daga hannun kaka zuwa na gwaggo, zai gane abin da kulle ya raba iyaye da shi. An bar su su kaɗai da mai kuka, ga rashin barci, ga fargabar rasa aiki.

Sai dai alƙaluman Amurka sun zo da wani labari daban. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta gano cewa a farkon annobar korona, yawan yaran da ake kai wa sashen gaggawa saboda cin zarafi ko sakaci ya ragu da kashi 53 cikin ɗari idan aka kwatanta da 2019. Kafin a yi murna, a duba sauran lissafin: adadin waɗanda aka kwantar bai ragu haka ba. Wato mai ɗan rauni ya zauna a gida, sai wanda abin ya yi wa tsanani ake kawowa. Ma'aikatan lafiya masu zagaya gidaje da masu rainon yara, waɗanda su kan fara lura da kumburi ko rama, duk an rage musu shiga.

Wani bincike a manyan asibitocin yara na Amurka ma ya nuna an samu raguwar masu raunin kai a 2020, abin da wasu suka danganta da tallafin kuɗi da kuma zaman manya fiye da ɗaya a gida.

Faransa ce ta fi ba da abin tunani. A asibitin Necker da ke Paris, inda ake kai jariran yankin masu irin wannan rauni, adadin bai motsa ba a 2020. A 2021 ne ya kusan ninkawa, mace-mace kuma suka ƙaru sosai. Masu binciken na ganin gajiya da ƙunci ne suka taru sannu a hankali, har suka fashe bayan an sassauta kullen. Da a ce an rufe lissafi a ƙarshen 2020, da an ce Paris ta tsallake lafiya. A Janairu 2022 gwamnatin Faransa ta ƙaddamar da gangamin wayar da kai a faɗin ƙasar, tana shaida wa iyaye cewa idan haƙuri ya ƙare, su kwantar da jariri rigingine a gadonsa, su fita daga ɗakin, su kira wani ya kawo ɗauki.