Hausar Television: Abin Da Kunne Ke Ji

A unguwar Television, kudu da Kogin Kaduna, Hausa ce harshen ciniki, amma ba da lafazi ɗaya ake furta ta ba. Ɗan kasuwar da ya fito daga Sakkwato yakan ce "biyat" da "sabro", inda Bakano zai ce "biyar" da "sauro". Wannan ba kuskure ba ne. Tun a 1928 Bajamushen masanin harshe, August Klingenheben, ya nuna cewa a gabashin ƙasar Hausa "b" ta ƙarshen gaɓa ta rikiɗe ta koma "u". Ashe Basakkwacen ne ya riƙe tsohon lafazi.

Hausar da ta fi yawa a unguwar kuwa ta fi kusa da Zazzaganci, inda ake jin "matan shi" maimakon "matarsa". Bajju da Atyap da Gbagyi da dama sun koye ta ne bayan harshen gida, shi ya sa ƙ takan koma k a bakinsu. A kasuwa ba mai damuwa. Amma daidaitacciyar Hausar makaranta bisa Kananci aka gina ta, kuma ɗalibin da ya rubuta "baki" alhali "baƙi" yake nufi, ya sauya ma'ana, ya kuma rasa maki a jarrabawa.