Kafin Ka Sayi Takalmin Ƙwallon Kwando, Juya Ƙasansa

A wannan fitowar mun ɗauko batun da da yawanmu ba mu cika damuwa da shi ba sai ranar da aka ɗauko mutum daga fili yana ɗingishi, wato takalmin da muke buga ƙwallon kwando da shi.

Ƙwallon kwando wasan cikin ɗaki ne tun asalinsa. Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1891 a garin Springfield na Amurka, domin ɗalibansa su samu abin yi a lokacin sanyi ba tare da sun fita waje ba. Har yau manyan gasanni a rufaffen ɗaki ake yin su, a kan daɓen katako mai sulɓi. Wasa ne na tsalle, da gudu, da tsayawa kwatsam, da juyawa gefe cikin sauri. Duk wannan nauyi a kan ƙafa da idon sawu yake sauka, shi ya sa targaɗe ya zama raunin da ya fi yawa a wasan.

Abu na farko da za a duba shi ne ƙasan takalmin. Wanda aka yi don daɓen katako robarsa tana da taushi, zanenta kuma siriri ne, sau da yawa mai kama da ƙashin kifi. Wannan ne ke sa ya kama ƙasa har a ji yana ƙara idan ɗan wasa ya ja birki. To amma mu nan Dosara, da sauran garuruwan Talata Mafara, Bakura da Maradun, filayen da muka saba da su na siminti ne ko tsurar ƙasa. Siminti kuwa cinye roba mai taushi yake yi kamar faifan niƙa. Wanda ya sayi takalmin ɗaki mai tsada ya riƙa zuwa filin siminti da shi kullum, kafin zango ya ƙare zai ga ƙasansa ya shafe. Mu abin da ya dace da mu shi ne roba mai tauri da zane mai zurfi. Idan kuma Allah ya sa an zaɓi ɗayanmu zuwa gasar da za a yi a ɗakin wasa, to a nan ne mai taushin zai yi amfani. A ajiye shi don wannan kawai, kada a je kasuwa ko aji da shi.

Na biyu shi ne dunduniya da gefe. A matsa bayan takalmin da yatsa. Idan ya lotsa kamar tsumma, ba zai riƙe ƙafa ba. A kama shi da hannu biyu a murɗa. Idan ya murɗe cikin sauƙi, a ajiye. Mutane da yawa sun ɗauka tsawon wuyan takalmi kaɗai ke hana targaɗe. Dunduniya mai ƙarfi da faɗin tafi da ɗaure igiya har ramin ƙarshe su ma suna da babban aiki. Takalmin tsere ba ya maye gurbinsa, domin an yi shi ne don gudu gaba kawai. Na ƙwallon ƙafa mai ƙusoshi da silifas kuwa ba a ma maganarsu.

Na uku, ya zama daidai ƙafa. Mun san al'adar gida ta sayen babba "don yaro ya girma a ciki". A fili wannan haɗari ne, ƙafa za ta riƙa yawo a ciki. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a buga wasa da ita. A bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin.

Yawancinmu gwanjo muke saya, a kasuwar Talata Mafara ko Gusau, kuma babu abin kunya a ciki. Sai dai a duba gam ɗin da ya haɗa sama da ƙasa sosai. A watan Fabrairun 2019, takalmin Zion Williamson na jami'ar Duke ya yage a minti na farko na wasa, ya faɗi ya ji rauni a gwiwa, duniya tana kallo. Idan hakan ta faru da babban ɗan wasa, ina ga mai tsohon takalmin da gam ɗinsa ya bushe?

Kada suna ya ruɗe mu. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas da ya ci kofin NBA a 1994 da 1995, ya sa sunansa a takalmin Spalding na kusan dala 35, a lokacin da ake sayar da wasu fiye da dala 100, saboda 'ya'yan talakawa su iya saye. Masai Ujiri kuwa a Zariya ya tashi ya koyi wasan, ya zo ya jagoranci Toronto Raptors har ta ci kofi a 2019.

Yanzu ga hunturu da ƙurarsa, kuma ƙura ce ke sa ko takalmi mai kyau ya yi santsi. A share fili kafin wasa, a goge ƙasan takalmi da jiƙaƙƙen tsumma, a shanya shi a inuwa domin rana tana busar da gam. Muna roƙon malaman wasanni su riƙa duba ƙafafunmu kafin su busa usur.

Daga ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta.