Rancen da Ake Rabawa a Masallaci

Duk wanda ya zauna da talaka ya san ba ƙarfin jiki ya rasa ba, ba kuwa dabarar sana'a ba. Abin da ke tare masa hanya shi ne ɗan jarin da zai fara juyawa, wanda in ya nemo shi wurin masu ba da bashi da ruwa, kafin ya sayar da kayan farko ruwan ya fara cin uwar kuɗin. Saboda haka ne, a shekarar 2001, wani likita a birnin Lahore na ƙasar Pakistan, Dokta Amjad Saqib, ya ranta wa wata mata da mijinta ya rasu rufi 10,000, ba tare da sharaɗin ƙarin ko anini ba, ta sayi keken ɗinki, ta kuma biya bashinta cif. Daga nan ƙungiyar Akhuwat ta samo asali, sunanta kuwa yana nuni ne ga 'yan'uwantakar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙulla tsakanin Muhajirai da Ansar a Madina.

Fuƙaha'u sun daɗe da sanin wannan rance da sunan ƙarlu hasan, amma hikimar Akhuwat, a ganina, tana wurin da ake miƙa kuɗin. Ba a bayan kanta ba, a cikin masallaci ne, wani lokaci ma a coci idan masu karɓa Kiristoci ne, mutum na zaune kan tabarma, maƙwabtansa da suka tsaya masa suna kallo. Wanda ya karɓi amana a gaban mihrabi, kunya kaɗai ta ishe shi jingina, kamar dai yadda matar da ta kwashi adashi a unguwanninmu ba ta yarda a ji ta kasa zubi. Da yawa daga waɗanda suka ranta, da suka tsaya da ƙafafunsu, sun koma masu ba da gudummawa.

Sai dai mafi yawan ƙananan bankunan da ke ɗauke da sunan Musulunci sun fi karkata ga murabaha, inda banki zai sayi keken ya sayar wa tela da ƙari bayyananne, a biya kaɗan-kaɗan. Halal ce, alhali kuwa telan da ciniki ya tsaya masa bayan sallah, wata na ƙarewa sai ya kai abin da aka yanka masa, ko ya ɗinka riga ko bai ɗinka ba.