Minshari: Me Likita Ke Aunawa a Wuya da Muƙamuƙi?

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, mun saba mayar da minshari abin dariya, har mukan ce wane ya tayar da injin niƙa cikin dare. Yawancinsa ba shi da wata illa. Amma akwai wanda ke tafe da ɗaukewar numfashi: mutum yana cikin ja sai ka ji tsit, can kuma ya zabura kamar an shaƙe shi. Idan tsit ɗin ya kai daƙiƙa 10, likitoci na ƙirga shi a matsayin ɗaukewa guda.

Dalilin shi ne, barci na yin nauyi naman maƙogwaro yakan saki, harshe ya koma baya. Mai yalwatacciyar hanyar iska ba ya sanin an yi. Mai ƙuntatacciya kuwa sai ta toshe. Shi ya sa likita ke fara awo.

Awo mafi sauƙi shi ne kaurin wuya, da tef irin na tela. Namiji baligi da wuyansa ya kai inci 17, wato santimita 43, ko mace da ta kai inci 16, ana sa musu ido, domin kitsen wuya yana matse maƙogwaro.

Sai a ce ka buɗe baki ka zaro harshe. Wannan duba na da matakai 4, kuma sunan likita Mallampati ɗan asalin Indiya ya ci, wanda ya wallafa shi a 1985. Shi don masu sa barcin tiyata ya tsara shi, daga baya likitocin barci suka ara. A mataki na 1 ana hango beli gaba ɗaya. A na 4 harshe ya tare komai, sai ganɗa kawai ake gani. Tunda mun ambaci beli: kai yaro wurin wanzami a yanke shi ba maganin wannan ciwo ba ne, ga kuma haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. A yara, abin da ya fi toshe hanya shi ne kumburin tonsil, ƙulluttukan nan biyu na gefen maƙogwaro, da naman bayan hanci. Masu sikila sun fi fama da hakan.

Muƙamuƙi ma ana duba shi. Idan na ƙasa ƙarami ne, haɓa ta shige ciki, harshe ba ya samun wurin zama. A hoton ƙashi na gefen fuska, ratar da ke bayan harshe takan kai wajen milimita 11 ga lafiyayyen baligi. Ku duba rularku ku ga ƙanƙantarta. An fi samo irin waɗannan alƙaluma daga Turawa, kuma ƙirar fuska ta bambanta, don haka kada kowa ya auna ɗan uwansa ya yanke masa hukunci.

Awo zargi kawai yake kawowa. Gwajin barci na dare guda, da na'ura a jiki, shi ke tabbatarwa. Ga baligi, ɗaukewa ko raguwar numfashi ƙasa da sau 5 a awa lafiya ne, 5 zuwa 15 ciwon da sauƙi, sama da 30 ya yi tsanani. Idan aka bar shi yana jawo hawan jini da gyangyaɗin rana, abin da ya fi muni ga direban da ke kan hanyar Funtua zuwa Zariya.

Wanda ya ga waɗannan alamu a gidansu ya gaya wa manya. Daga nan Maska ana iya farawa da Babban Asibitin Funtua, in da buƙata a tura mutum sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.